Shin lokaci ya yi da za a sake buɗe wurin ninkaya na hukuma a Jos?

Sakataren Kwamiti, Jos:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta raba kan kwamitinmu gida biyu, ga shi kuma ranar da za mu miƙa matsayarmu ga hukuma ta ƙarato. Akwai wurin ninkaya na hukuma a ɓangarenmu na garin Jos, fili ne a buɗe babu rufi, da babban kwami na manya, da ƙarami na yara, sai ɗakunan canza kaya na maza da na mata. An rufe shi tun lokacin dokar kulle ta cutar korona a 2020, kuma har yau ƙofarsa a garƙame take. Wajen ƙarshen shekara an fara maganar buɗewa, sai cutar ta sake tasowa a karo na biyu, kwamitin shugaban ƙasa da Boss Mustapha ke jagoranta ya nemi jihohi a ranar 21 ga Disamba 2020 da su rufe wuraren shaƙatawa, Gwamna Simon Lalong da kansa ya kamu a cikin watan, daga nan maganar ta kwanta.

Yanzu ga mu a tsakiyar Maris na 2021. Makarantu sun koma tun 18 ga Janairu, masallatai da majami'u suna cika, wanda kuma ya ratsa ta kasuwar Taminus da rana ya san cewa cinkoso ya dawo kamar da. Hunturu ya wuce, zafi ya shigo, kuma duk wanda ya san Jos ya san cewa daga yanzu zuwa saukar damina ne kawai mutum ke jin daɗin shiga ruwa. Masu son a buɗe suna cewa babu dalilin barin wuri mai iska a rufe alhali an buɗe wuraren da suka fi shi matsi, suna kuma tuna mana cewa matasanmu masu ninkaya sun yi shekara guda ba su yi atisaye ba, ga gasar wasanni ta ƙasa da aka ɗage tun bara ana sa ran yin ta a Benin cikin Afrilu. Masu cewa a dakata kuwa hujjarsu ita ce allurar rigakafi ta iso ƙasar ne a ranar 2 ga wannan watan kawai, ma'aikatan lafiya ake fara yi wa, kuma jihar Filato tana cikin jihohin da suka fi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu.

Abin da nake so in fahimta daga waɗanda suka san aikin shi ne: shin cutar korona tana yaɗuwa ta ruwan kwami? Idan ba ta ruwa ba ne, ina ainihin haɗarin yake? Kuma da wane sharaɗi mutum zai sa hannu a takardar buɗewa har ya kwana da kwanciyar hankali? Ni kaina na fi karkata ga a buɗe, amma ba na so in ja kwamiti zuwa abin da za mu yi da-na-sani a kansa.

Ma'aikaciyar Jinya, Jos:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Bari in fara cire maka shakka a kan ruwan. Cutar korona ta numfashi ce, tana fita daga hanci da bakin mai ɗauke da ita lokacin da yake magana, ko tari, ko dariya, ko haki, ta shiga hanci da bakin wanda ke kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka duk sun bayyana cewa babu shaidar tana kama mutum ta ruwan kwamin da ake zuba wa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yadda ya kamata. Ƙwayar cutar tana da wata fata mai maiƙo da ke lulluɓe da ita, shi ya sa sabulu ke lalata ta a hannu, kulorin ma haka yake yi mata a ruwa. Kasancewar wurin a buɗe kuma babbar garaɓasa ce, domin iska tana watsa abin da mutum ya fitar kafin ya taru. A Ingila wuraren ninkaya na fili aka fara buɗewa a ranar 11 ga Yuli 2020, sai bayan mako biyu aka buɗe masu rufi.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne duk abin da ke faruwa kafin mutum ya tsoma ƙafarsa a ruwa, da bayan ya fito. Ka tuna yadda ɗakin canza kaya yake ranar Asabar da yamma: ƙaramin ɗaki, taga ɗaya can sama, samari goma sha wani abu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa yana haki daga fitowa ruwa, ana ihu ana tsokanar juna, tawul ɗaya yana zagaya mutum uku. Ba wanda ke sanye da takunkumi a nan, kuma ba za a ce su sa ba, saboda takunkumin da ya jiƙe ba ya kare komai, yana ma toshe numfashi. Wannan ɗakin ne haɗarinku, sai layin sayen tikiti, sai gefen kwami inda yara ke jeruwa suna riƙe da baki suna hira fuska da fuska. Idan da ni ce, ba zan buɗe ɗakunan canza kaya ga maza ba sam. Kowa ya zo da gajeren wandonsa a ƙarƙashin kayansa, ya watsa ruwa a famfon waje, ya shiga. Mata kuwa ba za a ce su yi haka ba, don haka a ware musu ranakunsu ko sa'o'insu, su riƙa shiga ɗakin bibbiyu, a bar tagogi a buɗe.

Kada kuma ku dogara da na'urar auna zafin jiki da ake nuna wa mutane a goshi. Mutane da yawa, musamman yara da matasa, suna ɗauke da cutar ba tare da zazzaɓi ba, kuma mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara jin komai. Na'urar tana da amfaninta, amma ba ita ce za ta tsare muku ƙofa ba. Abin da zai tsare ita ce ƙayyade adadi. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 26 ga Janairu ta ce a bar tazarar aƙalla mita 2 tsakanin mutane a wurin taro, wanda ya saɓa kuma yana iya fuskantar tara ko ɗaurin wata 6. Ku auna faɗin wurin ku ga mutum nawa zai ɗauka da wannan tazarar, ku raba yini zango-zango, ku rubuta suna da lambar wayar duk wanda ya shiga a kowane zango, domin idan aka sami wanda ya kamu a san waɗanda za a nema.

Akwai mutum ɗaya da ake yawan mantawa da shi, wato mai ceto. Wanda ya nutse iska yake buƙata kafin komai, kuma mai ceto ba zai tsaya neman tazara ba, zai hura masa numfashi ne. Ku tanadar masa abin hura iska mai bawul ko jakar matsawa, ku kuma yi ƙoƙari a sa ma'aikatan wurin a jerin waɗanda za a yi wa rigakafi da zarar an zo kansu. Kada a ɗora masa aikin raba cinkoso. Idon da ke kallon layin tikiti ba ya kallon zurfin ruwa.

Mai Kula da Kwami, Abuja:

Sista ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so Malam Sakatare ya lura da sharaɗin da ta gindaya: kwamin da ake zuba wa kulorin yadda ya kamata. Wannan shi ne aikina na yau da kullum a nan Abuja, kuma a nan ne nake jin tsoron wuraren hukuma, fiye da yadda nake tsoron korona.

Kwamin da ya yi shekara a rufe ba a buɗe shi da mabuɗi kawai. Ina da tabbacin idan ka leƙa yanzu za ka tarar ruwan ya koma kore shar da gansakuka, ganyaye sun ruɓe a ƙasa, kwaɗi da 'ya'yan sauro sun mai da shi gida. Dole a kwashe ruwan, a goge bango da ƙasa, a duba tayil ɗin da suka ɗago da inda ya tsage. Injin da ke juya ruwa idan ya daɗe a tsaye robobinsa kan bushe su fara yoyo, yashin da ke cikin matata kuma kan dunƙule ya daina tacewa, sai an wanke shi ko an canza. Bayan an cika sabon ruwa sai a zuba kulorin mai yawa a bar injin yana aiki dare da rana, har sai ruwan ya yi garai-garai. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in jefa kwabo a ɓangare mafi zurfi, in tsaya a baki. Idan ban gan shi sarai ba, ba wanda zai shiga, domin ruwan da ya ɓoye kwabo zai ɓoye yaron da ya nutse.

Ma'aunin da muke bi shi ne kulorin ya kasance tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Su biyun tare suke tafiya, domin idan pH ya haura, kulorin yana nan a ruwa amma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Ana auna su da ɗan akwatin gwaji: ka ɗebo ruwa a ƙaramar kwalba, ka jefa ƙwayar gwaji, ruwan ya canza launi, ka gwada da jadawalin launuka. Ba ya cin minti biyar. Matsalar ita ce a wurin da babu rufi rana tana cinye kulorin da sauri, gumi da fitsarin yara ma suna cinye shi, don haka abin da ka auna da ƙarfe 8 na safe ba shi ne ke cikin ruwa da azahar ba. Sai an auna kafin buɗewa, an sake aunawa duk bayan sa'o'i kaɗan, an rubuta a littafi. Ƙaramin kwamin yara ya fi buƙatar sa ido, saboda ruwansa kaɗan ne, ya fi saurin ɗumi da saurin ƙazanta.

Sai maganar wuta. Kulorin ba ya zagaya kwami da kansa, injin ne ke kai shi kowane lungu. Ranar da aka ɗauke wuta kuma babu man janareta, ruwan ya tsaya cik, daga nan tsaftarsa ta fara tafiya ko da ido bai nuna ba. Garin kulorin daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a bara kuɗinsa ya tashi. Idan za a rage yawan masu shiga saboda tazara, kuɗin tikiti zai ragu alhali kuɗin magani da na mai suna nan yadda suke. To ka tambayi hukuma tun yanzu, a rubuce, daga wane asusu za a sayi kulorin da man inji na wata uku masu zuwa. Idan amsar ita ce daga abin da aka samu a ƙofa, ni dai ba zan sa hannu ba, domin abin da zai biyo baya na san shi: za a fara rage awon magani, a fara ƙara yawan mutane, kuma abin da zai kwantar da yara a lokacin gudawa ce da ciwon ido da ciwon kunne, tun kafin a zo maganar korona.

Uban Yara, Bukuru:

Malam Sakatare, ina roƙonka ka kai wannan maganar tawa gaban kwamiti, domin ina ganin ana lissafin ɓangare ɗaya ne kawai. Ana magana kamar idan aka bar ƙofa a rufe yaran za su zauna a gida. Ba su zauna ba. Duk wanda ke zaune a Bukuru ko wajen Rayfield ko hanyar Barikin Ladi ya san inda suke zuwa idan rana ta take: tsofaffin ramukan haƙar kuza da kamfanoni suka tafi suka bari tun zamanin Turawa, waɗanda suka cika da ruwa suka zama tafkuna. Na sha tarar da su can, riguna a jibge a kan dutse, silifas a jere, babu babba ko ɗaya a wurin.

Waɗannan ramuka ba kamar rafi ba ne da ke zurfi a hankali. Gefensu a tsaye yake, yaro zai taka taku biyu ruwa na gwiwarsa, na uku ya ji babu ƙasa. Saman ruwan da ɗumi, ƙasansa sanyi ƙarara, ga laka da ke riƙe ƙafa, kuma ruwan ba ya nuna abin da ke cikinsa. Idan yaro ya nutse abokansa kan gudu gida don tsoron duka, wani lokaci sai dare ya yi ake sanin abin da ya faru. Mu da muke wannan yankin mun yi jana'izar irin waɗannan yara, ba labari aka ba mu ba. Ban da nutsewa akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance mai dodon koɗi, tsutsar ta shiga ta fata, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini yana ɓoyewa.

Ba ina raina korona ba ne, na san ta ɗauke manyan mutane a ƙasar nan, tun daga Malam Abba Kyari a watan Afrilun bara. Amma a kan yaro ɗan shekara goma sha biyu, ramin kuza ya fi ta saurin kisa nesa ba kusa ba. Idan muka rufe wurin da ke da mai ceto muka bar wanda ba shi da kowa, mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. Roƙona na biyu shi ne kada a cike giɓin kuɗin da Injiniya mai kula da kwami ya ambata ta hanyar ninka kuɗin tikiti, domin 'ya'yan masu hali suna da kwamin otal, ɗan talaka ne zai koma rami. A ware safiyar Asabar ga yara da kuɗi kaɗan, a koya musu iyo da gaske, yadda za su yi lamo a saman ruwa idan sun gaji, da yadda ake miƙa wa wanda ke nutsewa sanda ko igiya maimakon a faɗa a bi shi.

Dattijo, Gangare:

Ni ina cikin masu cewa a dakata, kuma har yanzu ban sauya ba, ko da yake maganar ɗana na Bukuru ta taɓa ni. Yaro ba shi kaɗai yake kwana ba. A gidajenmu na cikin gari jika yana cin tuwo a kwano ɗaya da kakarsa mai ciwon suga ko hawan jini, kuma su ne cutar nan ta fi kayarwa. Duk sharuɗɗan da aka lissafa masu kyau ne a takarda, amma na ga yadda bokitin wanke hannu ya ƙare a ƙofar wurare da yawa: makon farko da ruwa da sabulu, wata na biyu bokiti ne kawai a kife. Wane mai gadi ne zai mayar da yaron da babba ya aiko da shi don an cika adadi?

Sannan ku dubi kalanda. Ista za ta kama ranar 4 ga Afrilu, azumi zai shigo wajen tsakiyar watan, ƙaramar Sallah kuma a tsakiyar Mayu. Kun san yadda yara ke fitowa yawon biki a garin nan, Musulmi da Kirista, ƙungiya-ƙungiya, su cika gidan namun daji da duk inda aka buɗe. Idan har kwamiti ya rinjaye ni aka buɗe, to ina neman a rubuta cewa wurin zai kasance a rufe a ranakun Ista da na Sallah.

Sakataren Kwamiti, Jos:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar ranakun biki na karɓe ta hannu bibbiyu, kuma ina ganin shigowar azumi ma za ta taimake mu, domin masu zuwa za su ragu da rana, ma'aikata su sami lokacin sabawa da sabon tsari da mutane kaɗan. Za mu iya farawa da masu atisaye da ajin koyon iyo na yara, waɗanda sunayensu ke rubuce kuma malaminsu ya san gidajensu, kafin a buɗe wa kowa da kowa. Wannan zai rage damuwar da ka kawo game da mai gadi, tun da ba tikiti za a sayar a ƙofa ba a farkon lamari.

Na je na leƙa wurin jiya bayan karanta bayanin Injiniya, kuma yadda ya faɗa haka na tarar, har da tayil da suka ɓamɓare a wajen matakala. Gyaran kaɗai zai ci makonni, don haka Ista ta riga ta fita daga lissafi. Zan nemi hukuma ta rubuta mana inda kuɗin kulorin da man inji zai fito, kuma zan nemi a manna sakamakon gwajin ruwa na kowace rana a allo a bakin ƙofa, inda kowane uba zai iya karantawa kafin ya bar ɗansa ya shiga.

Abu ɗaya ya rage da nake so Sista da Injiniya su taimaka mini da shi kafin zamanmu na ranar Alhamis. Ina so takardar ta faɗi ƙarara wanda ke da ikon rufe wurin nan take ba tare da jiran izini daga ofis ba, da kuma dalilan da za su sa ya yi hakan. Na rubuta guda uku: idan kulorin ya sauka ƙasa da miligiram 1, idan injin ya tsaya, da idan hadari ya taso da walƙiya, tun da damina na tafe. Abin da ban iya tsarawa ba shi ne ɓangaren cutar. Idan aka tabbatar wani ma'aikaci ko ɗaya daga cikin yaran aji ya kamu, shin ajin kaɗai za a dakatar a nemi waɗanda suka yi zango ɗaya da shi, ko wurin gaba ɗaya za a rufe, kuma na kwana nawa?